Ɗaga tsohuwar Subaru wagon don shiga daji: inci 2 ko inci 4?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina leƙen zauren nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai buƙata ta fito da ni. Wata uku ke nan da na sayi wata tsohuwar Subaru GL wagon 'yar 1987 a hannun wani dattijo. Injinta EA82 ne, lita 1.8, mai kafireto, giya biyar, kuma tana da ɗan sandan nan na ogzilari mai hawa biyu, na gudu da na ƙarfi. Inji lafiya lau, ba hayaƙi, ba shan baƙin mai.

Damuwata ɗaya ce, cikinta ya yi ƙasa. Makon jiya na bi wata hanya da manyan motoci suka tone, tayoyina suka faɗa cikin sawunsu, tudun tsakiya ya tokare cikin motar. Muka zauna daram, tayoyi na ta juyawa a banza kamar kunkurun da aka ɗora kan dutse. Awa biyu muka yi muna haƙa da shebur.

Na ga hotunan waɗanda suka ɗaga irinta inci 4, wasu har 6, abin ya ba ni sha'awa. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah a ba ni shawara. Nawa zan ɗaga, kuma me zan taras a gaba?

Ɗan Autan Gareji:
Wa alaikumus salam Yaya. Inci 6 kawai, kada ka tsaya wasa. In za ka sha giya sha ta dubu. Ka zuba mata manyan tayoyi masu ƙaya, duk inda ka wuce sai an waiwayo.

Alhaji Mai Kurusa:
Ƙanena, ka ji shawarar da ba za ka so ba. Sayar da ita, ka ƙara abin da ya sawwaƙa, ka nemi Land Cruiser samfurin 60 ko 80. Waɗannan su ma wagon ne, amma an gina su kan casis, aksul ɗinsu na gaba da na baya ƙarfe ne guda. Ogzilarin ƙarfi na 80 yana ninka ƙarfin ja kusan sau 2.5. Taka kuwa motar kai yara makaranta ce da aka liƙa wa farfela. Ko ka ɗaga ta ta kai rufin ɗaki, jaki ba ya zama doki.

Maman Fadil:
Alhaji, kullum aka yi tambaya a zauren nan amsarka ɗaya ce, a sayi Kurusa. Ko ciwon kai mutum ya ce yana yi, Kurusa za ka rubuta masa. Bawan Allah ya ce yana da mota yana son gyara ta, ba ya ce yana neman wata ba.

Alhaji Mai Kurusa:
Hajiya, gaskiya ce ɗaci gare ta.

Oga Birki:
Baban Ummi, barka da fitowa. Kafin a yi ta jifa da lambobi, bari in tambaye ka: da motar ta zauna, ina ne ya taɓa ƙasa? Ka shiga ƙarƙashi ka duba inda ƙasa ta goge? Amsar nan ita za ta gaya maka aikin da kake buƙata.

Baban Ummi:
Na duba, Oga. Kwanon baƙin mai ya ɗan loɓa daga gaba, salansa ta goge a wurin da bututun biyu suka haɗu, sai kuma tukunyar difarensha ta baya da ta kwaso ƙasa.

Oga Birki:
Madalla. To zauna ka ji, don a nan mutane da yawa ke zubar da kuɗinsu.

Motarka ba ta da casis daban da bodi kamar ta Alhaji. Bodin shi ne ƙashin bayanta. Inji da giyabos suna zaune kan gadonsu na ƙarfe, wanda muke ce wa kurosmemba, shi kuma an ɗaure shi a jikin bodi. Difarensha ta baya ita ma a jikin bodi take rataye. Daga nan shaf huɗu ke fita zuwa tayoyi, kowanne da gaɓoɓi biyu cikin roba mai giris.

Ɗagawa iri biyu ce. Ta farko, ka sa sifesa, wato ƙarfen ƙara tsayi, a saman shokozoba kawai, ka bar komai a inda yake. Bodi ya hau, ya tafi da inji da difarensha sama, tayoyi suna ƙasa. Ka sami sarari na gaske a ƙarƙashi, amma shaf ɗin da kamfani ya shirya su kwanta kusan a miƙe yanzu sun karkace. Kowane juyi robar tana murɗewa, ninkinta na gogar juna. Inci 1 zuwa 2 ana lallaɓawa. Ka wuce nan, roba ta tsage, giris ya watse, ƙasa ta shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas in ka karya kwana. Na ga gaɓar ciki ta zare gaba ɗaya lokacin da taya ta rataya a iska.

Ta biyu ita ce ta hotunan da ka gani. Duk mai inci 4 da motarsa ke tafiya lafiya, ya sa tubalan ƙarfe tsakanin bodi da gadon inji, da gadon giyabos, da maratayin difarensha. Wato ya ɗaga bodi, ya mayar da inji ƙasa inda yake tun farko. Shaf sun koma daidai, sun huta. Amma ka lura da kyau: kwanon baƙin man da ka loɓa, da salansa, da tukunyar baya, suna nan a tsayinsu na jiya. Ka ɗaga inci 4, ka koma wannan hanyar da tayoyinka na yanzu, a wuri ɗaya za ka sake zama.

Baban Ummi:
Ikon Allah. To Oga, in haka ne mene ne amfanin ɗagawar?

Oga Birki:
Ɗaki kake yi wa babbar taya. Taya ce ke ɗaga komai da komai daga ƙasa, har abin da ya fi kowa sauka. Ɗaga bodi share fage ne kawai.

Injiniya Shiru:
Bari in ɗora lissafi kan maganar Oga. Yawancin waɗannan motoci da taya 185/70R13 suke yawo. Tsayinta gaba ɗaya milimita 589 ne. In ka koma 205/75R15, tsayinta kusan milimita 688, wato inci 27. Bambanci kusan santimita 10, amma rabinsa kawai kake ci, tunda daga tsakiyar wili zuwa ƙasa ake aunawa. Ribarka santimita 5 ke nan, inci 2.

Ga kuma abin da za ka biya. Tayar ta fi ta asali da kusan kashi 17 cikin 100. Difarenshar motarka 3.9 ce, wato farfela ta juya sau 3.9 taya ta juya sau ɗaya, da wannan taya za ta riƙa ji kamar 3.3. Giya ta ɗaya za ta yi nauyi wajen tashi, ta biyar za ta zama ta ado, sai a gangare. Agogon gudu in ya nuna 100, kana kan 117. Birki ma zai ƙara wahala, domin dogon hannu ka ba hanya ta murɗa shi. Injin nan ko yana sabo bai kai ƙarfin doki 100 ba. Abin da zai cece ka shi ne ogzilarin ƙarfi, 1.59 ne, zai mayar maka da abin da taya ta ci har da ɗan ƙari. Amma kada ka ji an ce ogzilari ka ɗauka irin na Alhaji ne.

Alhaji Mai Kurusa:
Kun ji ko? Injiniya da kansa ya faɗa.

Injiniya Shiru:
Na faɗa, Alhaji, amma ban gama ba. Motarsa da kaɗan ta wuce tan ɗaya, taka ta haura biyu. A yashi mai laushi nauyi shi ne abokin gaba. Akwai wurin da shi zai bi ta sama ya wuce, kai ka nutse har aksul. In kuma ya kafe, mutum huɗu sun tura shi. Kai sai an nemo janwe.

Maman Fadil:
Yauwa Injiniya, Allah ya biya ka. Ni Toyota Tercel wagon nake ja, irin wadda aka yi daga 1982 zuwa 1988. Injinta lita 1.5, ƙarfin doki sittin da 'yan kai. Ba ta da ogzilari mai hawa biyu, sai wata giya ta musamman da aka rubuta wa EL, ƙasa da ta ɗaya, wadda ba ta shiga sai ka sa tayoyi huɗu suna ja. Inci ɗaya da rabi kawai na ɗaga ta da sabbin sifirin, na ƙara taya mataki ɗaya, na sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji. Shekara huɗu ke nan ban canja shaf ba. Abin da na koya, rabin kafewar da nake yi a da ba laifin mota ba ne, nawa ne. Ina shiga yashi da taya cike tam da iska. Ranar da aka koya mini in sauke iska zuwa psi 18, in riƙe totur daidai ba tare da fizga ba, sai na ga kamar an canja mini mota. Ka dai tafi da famfo, don kada ka hau kwalta da taya a saɓule.

Ɗan Autan Gareji:
Haba Anti, inci ɗaya da rabi ai ko lura ba za a yi ba. Mene ne daɗin abin to?

Maman Fadil:
Daɗinsa in dawo gida da ƙafafun motata huɗu, Auta. Kai ina taka motar take yanzu?

Ɗan Autan Gareji:
Tana kan jak. Amma wannan wata magana ce daban.

Mai Walda 77:
Ba daban ba ce, Auta, ita ce maganar. Ka ba su labari ko in ba su.

Ɗan Autan Gareji:
To naji. Legacy wagon ce 'yar 1993. Na sa sifesa inci 3 a saman shokozoba, ban sauke gadon inji ba, don wanda ya yanka mini ƙarfen ya ce ba dole ba ne. Kuma sifesar miƙaƙƙiya ya yi, bai karkata ramukan ba. Da muka sauke ta daga jak sai tayoyin gaba suka buɗe ta sama kamar mai gwame a juye. Mai alaimen ya yi iya yinsa ya ce abin ya fi ƙarfin notinsa. Cikin wata biyu gefen waje na tayoyin ya cinye. Tayoyin baya kuma suka matso gaba, suna gogar bodi. Sai shaf na dama ya fara kuka, na canja, na hagu ya karɓa. Na uku da na saya sabo ne fil amma ba na asali ba, ko wata bai yi ba ya soma karkarwa in na taka totur.

Amma wallahi tana da kyau a hoto.

Oga Birki:
Garin neman gira an rasa ido. Auta, da ka tambaya da ka huta. Motarka tana da hanya mai sauƙi da kamfanin ya riga ya share. Da Subaru suka tashi ɗaga Legacy ta zama Outback ta 1996, dogayen shokozoba suka sa, sannan suka sa sifesa tsakanin bodi da kurosmemba don shaf su zauna daidai. Su da suka ƙera motar ba su yarda su bar shaf a karkace ba. Mutane da yawa shokozobar Outback ko ta Forester suke ɗaurawa a Legacy, su haɗa da waɗannan sifesa, magana ta ƙare. Tayar baya da ta matso gaba kuma, hannun da ke riƙe ta ne ya ja ta da ya sunkuya, shi ma sifesa ake sa wa a mazauninsa.

Shaf kuwa, in ka sami tsohon na asali wanda bai fara kuka ba, wanke shi ka sa sabon giris da sabuwar roba. Ya fi sababbin nan marasa suna sau goma.

Baban Ummi:
Ina ta rubutawa a takarda. Tambaya: wilina inci 13 ne, kuma na zaga ban ga taya mai ƙaya a wannan girman ba. Na gwada wilin wata mota mai rami huɗu, ramukan ba su hau ba.

Mai Walda 77:
Ba za su hau ba. Tsofaffin Subaru tazarar ramukansu 4x140 ce, wato rami huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 140, kusan su kaɗai ke da ita. Abin dariyar, wadda ta yi tarayya da su ita ce Peugeot 504 da 505. Shi ya sa masu irin motarka a Amurka da Ostareliya suka daɗe suna farautar wilin Peugeot mai inci 14 da 15. In ka samu, ka kula da noti, mazauninsa ba iri ɗaya ba ne da na Subaru, ka nemi wanda ya zauna daidai a ramin. Noti in bai zauna ba zai kwance a hanya.

Ɗaya hanyar, a huda hob ɗin a mayar da shi rami shida, 6x139.7, irin na Hilux da Patrol. Tunda 140 da 139.7 kusan ɗaya ne, ana barin kusoshi biyu masu fuskantar juna, a cire biyu, a huda sababbi huɗu. Aiki ne na mai injin huda da ma'auni. Kada ka ba wanda zai auna da ido.

Alhaji Mai Kurusa:
Kun gani, a ƙarshe dai sai an dawo gidanmu aron wili. Tunda an ambaci Peugeot, ku tuna akwai 504 wagon da kamfanin Dangel na Faransa ya riƙa mayarwa mai jan taya huɗu tun farkon shekarun 1980. Wannan kam na sara mata, don an ɗaga ta da ilimi.

Injiniya Shiru:
Ita ma ta Baban Ummi ba a banza ta zo ba, Alhaji. Asalinta kamfanin wutar lantarki na yankin Tohoku a Japan ne ya nemi motar da ma'aikatansa za su riƙa shiga dusar ƙanƙara da ita ba tare da wahalar jif ba. Daga nan Subaru Leone wagon mai jan taya huɗu, kakar GL ɗinsa, ta fito a 1972. Amurkawa kuma suka yi AMC Eagle daga 1979 zuwa 1987, inji silinda shida lita 4.2, a ɗage take tun daga kamfani, sai dai ba ta da ogzilarin ƙarfi. Masu ita har yau daga Jeep suke ciro akwatin ogzilari su dasa mata. Kowacce da inda take ciwo.

Admin:
Jama'a a dawo kan tambaya. Tarihi a buɗe masa nasa zaren.

Oga Birki:
To mu dawo. Baban Ummi, in ka nace sai inci 4, ga abin da ke jiranka bayan tubalan. Sandar sitiyari ba za ta kai ba, tunda sitiyari ya hau da bodi, rak ɗin kuma yana kan kurosmemba a ƙasa, sai an ƙara mata tsawo. Wannan waldar rai ce, in ta karye a kan gudu ba sauran magana. Lagireto ya hau, inji ya sauka, hos ɗin ruwa sai an canja. Sandar giya da ta ogzilari za su nutse cikin bene. Wayoyi, kebul ɗin kuloci, bututun mai, duk sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Hos ɗin birki kuwa ka ɗaga motar taya ta rataya, ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, in ka ga ya miƙe kamar tsirkiya to bai isa ba. Kada ka manta birkin hannun motar nan a tayoyin gaba yake kamawa, kebul ɗinsa ma yana cikin lissafi.

Bayan duk wannan, motar ta yi tsayi ba ta ƙara faɗi ba. Kwanar da kake sha da 80 a da, yanzu za ka ji ta tana kwanciya. In ka ɗora kaya a rufi abin ya ƙaru. Wasu har rodin da ke hana ta tangaɗi suke cirewa don taya ta sami sakewa a kan duwatsu. A daji yana da daɗi, a kwalta ranar da akuya ta gifta za ka gane kurenka.

Ni da tawa ce: inci 2, sifesa mai karkatattun ramuka, a sauke gadon inji ko da inci 1 ne don shaf su sami sauƙi, taya kada ta wuce inci 26 ko 27, a ɗan daddaki bakin madigadi inda take gogawa, a sa faranti mai kauri tun daga bamba har bayan kwanon baƙin mai.

Mai Walda 77:
A nan ni da Oga muka rabu kaɗan. In har zai sa inci 27, ni na fi son ya yi 4 ɗin gaba ɗaya, a sauke komai daidai wa daida, shaf su zauna kamar yadda aka haife su. Inci 2 da taya 27 sai ka yanka bodi, kuma duk da haka in taya ta nutse cikin rami za ta ci madigadi. Wahalar 4 sau ɗaya ce in an yi ta da kyau. Rabi-da-rabin nan shi ke sa mutum zaryar gareji.

Oga Birki:
In kai za ka yi masa, na yarda. Matsalar ba kowa ne kai ba. Na kwance tubalan da aka yi da bututun ruwa, an ɗaure da kusoshin da ko lamba babu a kansu.

Mai Walda 77:
Wannan kam gaskiya ne. Kusa in ba a rubuta 8.8 ko 10.9 a kanta ba, kada ta kusanci ƙafar mota.

Maman Fadil:
Abu biyu da ba a faɗa ba. Motarka irin tawa ce, ba ta da difarensha a tsakiya. Kada ka bar ta a jan taya huɗu a kan busasshiyar kwalta, za ka ji sitiyari ya ƙage a kwana, giyabos ne ke shan azaba. Tayoyi huɗun kuma su zama girma ɗaya, har safaya. Wurin safayarka a saman inji yake, babbar taya ba za ta shiga can ba, sai ka nema mata wuri a baya. Na biyu, ka sa mata ƙugiyar ja ta gaske gaba da baya, a ɗaure a ƙarfe mai ƙarfi. Kada a taɓa fizgar ka da ƙwallon jan tirela, yana tsinkewa ya tashi kamar harsashi.

Ɗan Autan Gareji:
Yaya, in ƙarfi ya gaza ka dasa mata injin EJ22 na Legacy, mutane da yawa sun yi. Nawa ma yana nan zaune ba ya aikin komai.

Alhaji Mai Kurusa:
Ka ji ɗan kasuwa. Mota na kan jak, ya fara sayar da ita gunduwa-gunduwa.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau da safe na ɗauki tef na shiga ƙarƙashinta, sai na ga bayanta ya fi gaba sauka da kusan inci ɗaya da rabi, sifirin baya sun gaji ashe. Na ɗaga kafet ɗin but kuma na taras da tsatsa a mazaunin shokozoba na hagu, na danna da sukudireba ya shige. Don haka maganar sifesa ta dakata tukuna. Zan fara da facin wurin nan, in sa sabbin sifirin, in sa faranti, in nemi wilin Peugeot mai inci 14. In na koma waccan hanyar ta sake zama, sai mu yi maganar inci 2 ko 4.

Malam Mai Walda, farantin nan kauri nawa zan nema, kuma ƙarfe ko alminiyam?

Mai Walda 77:
Ƙarfe milimita 3 ya ishe ka, in alminiyam ne ka nemi 5 ko 6. A bar tazarar yatsa tsakaninsa da kwanon, a huda ramin juye baƙin mai tun kafin a ɗaura. Turo hoton tsatsar nan in gani, ta ciki da ta waje, kafin kowa ya kunna wuta a wurin. Bututun mai ta ƙarƙashin nan baya yake bi.